Kaset ɗin da aka hana kwafa

Akwai wani matashi a unguwarmu ta El Agustino da ke Lima, babban birnin Peru, mai suna Efraín Huamaní. Kwandastan bas ne. Tun safe yana rataye a ƙofar mota yana kiran fasinja, motar ta zaga gari ta dawo da shi inda ta ɗauko shi. Da yamma ya hau tudu ya shige ɗakin da ba shi da taga, inda yake kwana da ƙannensa. Yakan ce unguwar nan kwalba ce, an zuba su ciki an toshe bakin.

Abin da ke ba shi ɗan numfashi shi ne kiɗan punk, wani kiɗan matasa mai ƙara da hayaniya. Shi ne mawaƙin wata ƙungiya mai suna Ɓerayen Kwata. Nélida, mai gasa zuciyar saniya a bakin kasuwa, ita ke buga ganguna, Gumercindo kuma yana kaɗa jita. Maganar gaskiya ba wani iya kiɗa suka yi ba. Amma a wannan harkar ba a tambayar gwaninta, zafin rai ake nema, su kuwa suna da shi har na kyauta.

Suna da waƙa ɗaya da ta kama unguwa. Amshinta gajere ne: "A buɗe mana ƙofa." In aka zo wurin, sai zaure gaba ɗaya ya ɗauka, ana tsalle ana bangazar juna, har kwanon rufi ya riƙa rawa.

Al'adarmu sananniya ce. Ranar ɗaukar waƙa, 'yan unguwa ke cika ɗakin su yi amshi. In kaset ya fito, a rubuta a bayansa "Kwafa ka miƙa", ɗaya ya haifi goma har ya kai garuruwan da mai shi bai taɓa takawa ba. Mawaƙi kuma in ya yi tsalle daga dandamali, ba a bari ya taɓa ƙasa.

To, sai wani ɗan gayu mai shiri a rediyo ya ce wa Efraín muryarsa ta fi ƙarfin tudun nan. Shi ke nan, kai ya kumbura. Daga ranar ya ƙudurta cewa kaset ɗinsu na farko ne zai fitar da shi daga unguwar, kuma ba zai bari kowa ya ɓata masa shi ba.

Ranar Asabar ɗin ɗaukar waƙa, 'yan unguwa suka tako da ƙafa har ɗan ƙaramin ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai. Teófilo, ɗan dako a kasuwa, shi ne a gaba, ya sa wankakkiyar riga saboda ranar. Efraín ya leƙo ya gan su, ya koma ya murɗa makulli.

Nélida ta ajiye sandunanta ta ce, "Efraín, mutanenmu ne fa a waje."

"Muryoyin nan kamar ana jan buhu a kan kwalta? Wannan kaset ɗin ba a tudu zai tsaya ba, 'yar'uwa."

Shi kaɗai ya rera amshin, aka yi ta ɗora muryarsa a kan muryarsa don ta yi kauri. Ana jin ƙwanƙwasar ƙofa, har mai na'urar ɗaukar waƙar ya fara gunaguni. Can aka ji shiru.

Da kaset ya fito, hotonsa ne a gaba. A baya kuma ya sa an rubuta da manyan baƙi: "An hana kwafa." Gumercindo ya karanta ya yi dariyar takaici, ya tuna masa cewa duk waƙar da ya koya a rayuwarsa a kwafen kwafe ya ji ta. Efraín ya ce ai shi ya sa har yau suke nan inda suke.

Kun san abin da 'yan unguwa suka yi? Biyayya suka yi masa, kuma ban taɓa ganin hukunci mai zafin wannan ba. Babu wanda ya zage shi. Babu kuma wanda ya kwafa. A bakin titin da ake musayar kaset, nasa ya yi ta shan ƙura. Ɗan gayun rediyo kuwa, kullum Efraín ya je nemansa sai a ce ya ɗan fita.

Kwalayen kaset suka tare a ɗakin nan marar taga. Da ma yaya lafiyar kura, balle ta yi hauka: yanzu sai a karkace ake wucewa zuwa gado. Ƙannensa suka mayar da kwalayen wurin ajiye takalma. A cikin bas ɗinsa ma direba yakan sa kaset-kaset na wasu ƙungiyoyi, kwafaffu masu ƙarar shuu, fasinjoji suna kaɗa kai, shi kuwa baƙin ciki kamar ya shaƙe shi.

Sai ya ce matsalar ita ce ba a yi bikin fitar da kaset ba. Ya karɓi aron wani gareji mai ƙofa ɗaya, ya sa rana, Lahadi da la'asar.

Gareji ya cika maƙil, ya ji daɗi. Amma da aka fara kiɗa babu wanda ya motsa. Kowa ya harɗe hannu a ƙirji yana kallonsa. Aka zo wurin amshi, ya miƙa musu makirfo kamar yadda ya saba. Ko tari babu.

Teófilo ya ce daga gaba, "Ci gaba mana, gwani. Ai ka iya kai kaɗai."

Bango a bayansa, fuskoki a gabansa, zafin kwano a kansa. Zufa ta jiƙe shi, tsoro ya kama shi. Abu ɗaya ya rage masa. Ya rufe ido ya yi tsalle cikin jama'a.

Suka tare shi. Al'ada al'ada ce, ba a bari mutum ya taɓa ƙasa. Yana jin hannuwan nan a bayansa, ƙwalla ta zo masa, ya ɗauka an yafe. Hannu ya miƙa wa hannu, a hankali, har ƙarshen garejin. Suka sauke shi tsaye a kan titi.

Teófilo ya kaɗe masa kafaɗar riga ya ce, "Ka daɗe kana neman hanyar fita daga cikinmu, mutumina. Ga ta nan."

Aka ja ƙofa aka sa sakata.

Daga ciki ya ji Nélida ta saki ganguna, Gumercindo ya bi ta. Sai gareji gaba ɗaya ya ɗauka: "A buɗe mana ƙofa." Muryoyin nan na jan buhu a kan kwalta, bai taɓa jin waƙarsa ta yi daɗi haka ba. Ya yi ta dukan ƙofar da hannu biyu, amma amshin ya fi ƙarfin bugunsa.

Darasi: Hannuwan da suka ɗaga ka su ne ke iya kai ka waje. Kada ɗan yabo daga baƙo ya sa ka kulle wa mutanenka ƙofa, don ranar da za ka ƙwanƙwasa tana nan tafe. Wannan labarin dai ba a hana kwafa ba, ku miƙa shi gaba.