Dila da Zanen Gawayi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Can bayan teku akwai wasu dawakin jeji. Kakanninsu daga Sifaniya aka kawo su cikin jirgin ruwa, suka tsinke igiya suka shige daji, tun ranar ba su ƙara yarda da kowa ba. Gajeru ne, kofato kamar dutse, kowanne da baƙin zane daga wuya har wutsiya. In aka yi fari, tsohuwar goɗiyarsu, Iya Gunya, takan shinshina yashin busasshen rafi, su tona har ruwa ya fito. Amma bare ba ya sha.

To, ƙishirwa ta kusa kashe Dila. Ya sami gawayi ya ja wa bayansa zane, ya tafi.

"Salamu alaikum, Iya. Jikan ƙanenki ne, wanda aka manta a jirgi."

Iya Gunya ta dube shi sama da ƙasa. "Ina kofatonka, ɗan nan?"

"Ruwan teku ya jiƙa shi, Iya."

"Haƙoran nan masu tsini fa?"

"Cizon igiya ne, Iya."

"Uhm. Kurɓi kaɗan."

Kaɗan? Dila ya kafa kai, ya sha, ya sha, har ya ture wani ɗan duƙushi. Dokin jeji kuwa ba ya kurɓa biyu bai ɗaga kai ya duba ba.

Tsohuwa ta ce, "Tunda jini ɗaya ne, zo mu yi gaisuwar gida."

Gaisuwarsu ita ce kowa ya sosa bayan ɗan'uwansa da haƙora. Tsohuwa ta kai baki bayan Dila. Ta sosa, ta sosa, ta ɗago baki baƙi ƙirin, bayan Dila kuwa fes.

Ingarmansu ya juya masa baya, ya ɗaga ƙafa. Dila ya ga mutuwa muraran, sai ya kwarma ihu: "Igiya! Ga masu igiya nan!"

Kafin ka ce kwabo sai ƙura. Dila ya yi ta dariya, wai rijiya ta zama tasa har damina. Ya juya zai ƙara sha, ashe sun cike ramin da yashi wajen gudu. Ya tona, ya tona, farcensa ya ƙare, ko danshi bai gani ba.

Daga kan tudu Iya Gunya ta ɗaga murya: "Sa kofato, jikan ƙanena. Ai ya bushe yanzu!"

Ƙurunƙus kan Dila. Wanda zai ari dangi, ya haɗa har da kofato.