Kurege da Waken Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta kwana.

Kurege dai ya ce duniya ta ƙare. Ya ce zumunci ya mutu an binne shi, ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda aka zalunce shi ba. To me aka yi masa? Maƙwabciyarsa Iya Bushiya ce ta daina aiko masa da kwanon wake.

Wake ne fa kawai. Sai dai Iya Bushiya takan yanka jar albasa siri-siri, ta soya rabi a man gyaɗa, wuta ƙasa-ƙasa, har ta yi zaƙi, ta watsa ɗanyen rabin a kai, da ɗan gishiri da yaji. Kullum da la'asar kwano ya tsallako katanga. Kurege ya rufe ƙofa ya cinye, ya suɗe, ya tauna kanumfari, ya taje jelarsa, ya fita yana taƙama.

Ran nan manyan gari na hira a gindin tsamiya, sai Dila ya ce shi fa yana jin warin albasa. Kurege ya kaɗa jela ya ce, "Ba dai daga bakina ba! Ni da albasa? Abincin marasa galihu? Ni in ba tsoka ba, gara in kwana da yunwa."

Ashe Iya Bushiya na wucewa, ta ji. Daga ranar kwano bai ƙara tsallakowa ba.

Kwano ya daina zuwa, amma ƙanshi bai daina ba. La'asar na yi sai ka ji cuuu, albasa ta faɗa mai. Kurege ya jingina da katanga, ya lumshe ido, ya buɗe hanci. Ga furfura a ka, ga hawaye a kumatu. Ya ci gyaɗa, ba ta yi daɗi ba. Ya ci aya, kamar tsakuwa.

Sai ya shimfiɗa tabarma ya hau nishi. "Wayyo mura! Wayyo zan tafi!"

Iya Bushiya ta leƙo. "Sannu, Malam Kurege. Me ya samu babban mutum?"

"Iya, boka ya ce maganina ɗaya ne, wai jar albasa a kan wake. Ni ba so nake ba, lalura ce."

"Haba, Allah ya kiyaye! Ai ba da hannuna za a zubar maka da girma ba."

Ta kawo masa jiƙon maɗaci, ta tsaya a kansa sai da ya shanye.

Washegari Kurege ya ce abin da baki ya kasa, farce ya yi. Ya kama haƙa daga ɗakinsa. Ya haƙa, ya haƙa, hanci na jan sa, ya haƙa, sai ga shi ya ɓullo daidai bakin murhu. Kafin ya juya, jela ta kama wuta. Ya ƙwala ihu, maƙwabta suka sheƙo, Dila a gaba.

Dila ya ce, "A'a, mai cin tsoka! Me ya kawo ka madafin Iya?"

Kurege ya karkaɗe toka ya ce, "Hayaƙi na hango, na ce gobara ce. Na biyo ta ƙasa in ceci tsohuwa. Ga jelata shaida."

Jama'a suka ce, "Kai, namijin duniya!"

Iya Bushiya ta ce, "Allah ya saka da alheri. Tunda kun taru, ku zauna. Malam Kurege, kai ka yi haƙuri, ba ni da abin da ya dace da bakinka. Mu marasa galihu bari mu taɓa."

Ta buɗe tukunya. Ta zuba wa Zomo, ta zuba wa Kunkuru, ta zuba wa Dila. Kurege na zaune a kan turmi, rungume da ƙonanniyar jela. Dila ya ce, "Iya, ƙara mini soyayyiyar." Ta ƙara. Zomo ya miƙo kwano. Ta ƙara. Can sai Kurege ya ji ludayi na kartar gindin tukunya, ƙwar, ƙwar.

Ya diro daga turmi. "Ku tsaya! Ba gobara, ba mura, ba boka! Bakina ne ya ja mini. Iya, ni ne shugaban marasa galihu, ki rage mini ko ƙanzo ne!"

Iya Bushiya ta ce, "Ɗaga murya, ɗan nan, kunnena ya tsufa."

Ya ɗaga. Har na bayan gari suka ji.

Ta tura masa tukunyar. Ya zura kai ciki, yana ci yana kuka, yana cewa albasar ce ta shiga masa ido.

Kurunkus kan ɗan kusu. In za ka cika baki, bari sai ka cika ciki, kuma ka yi nesa da mai dafa maka.