Kirinjijiya da Ruwan da Ke Janyewa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Akwai wata fadama da Sarkin Ruwa ya kafa wa sanda mai jan ƙyalle. Muddin sandar tana tsaye, ba farauta, ba ɗibar ƙwai. A tsakiyar ruwan akwai ɗan tsibiri, nan Kirinjijiya, 'yar agwagwar nan mai fito, take kwance kan ƙwanta.

Gizo kuwa, kun san halinsa, ya shuka albasa a gefe. Ya ce, "Tsuntsaye aka hana, ni ruwa kawai zan ɗiba." Ya haƙa lambatu zuwa gonarsa, ruwa ya fara zurarewa.

Dila ya zo gaɓa ya shiga, ruwa ya kai masa wuya, ya kasa ƙetarawa tsibirin. Ya ce, "Sannu da kwanci, maijego. Sai gobe."

 Kirinjijiya ta ƙwala wa Zalɓe kira, "Malam Zalɓe, ruwa yana janyewa!"

Ya ce, "Madalla, kifi ya zo kusa."

Washegari ruwa ya tsaya wa Dila a ƙirji. Kirinjijiya ta kira Gauraka, "Yaya, ki taimake ni!"

Ta ce, "Haba, ƙanwata, kin cika tsoro. Wajena da zurfi."

Ko tsinke ya motsa sai Kirinjijiya ta zabura. In ta tashi neman dalili, ƙwai su huce. In ta zauna, Dila ya iso. Barmani jikata, daina cusa kai a zanina, ni ma tausayinta nake ji.

Rana ta uku ruwa iya gwiwa. Dila bai ko yi sallama ba, ya tsaya yana lasar baki. Sai a lokacin Gauraka ta ga sawunsa dab da sheƙarta, ta sa ihu. Tsuntsaye suka tashi duu, suka bi ruwa har gonar albasa. Gizo ya jefar da fartanya ya haye rimi. Suka yi ta cusa laka da ciyawa, har Kirinjijiya ta baro ƙwanta ta zo taya su, aka toshe lambatu.

Da ta koma tsibiri, ɓawo ta tarar warwatse. Ta yi fito, shiru. Ta sake, shiru. Can sai ɗan tsako guda ya amsa daga cikin ciyawa, yana rawar sanyi. Shi kaɗai ya rage mata.

To, ku ji: in maƙwabci ya ce yana cikin tsoro, ku tashi tun kiran farko, kada ku jira abin ya zo ƙofarku.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare.