Jirgin Gunar na Ƙarshe

A zamanin da, an yi wani sarki da mutanen arewa suka hana wa sakat. Daga ƙasar ƙanƙara suke zuwa cikin dogayen jirage, su wawushe gari su koma teku. Da abin ya ishe shi, Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su ƙasar bakin kogi su zama masu tsaron ƙofarka. Sharaɗi ɗaya: kowa ya kife jirginsa ya yi rufin ɗaki da shi. Wanda aka kama da jirgi, a kore shi."

Haka aka yi. Maharan jiya suka kama noma, suka auri 'yan ƙasa, 'ya'yansu suka tashi da harshen iyayensu mata. Su ne daga baya aka kira Normawa.

Sai dai Gunar, tsohon matuƙinsu, ya ɓoye nasa cikin ciyayin fadama. A al'adarsu a cikin jirgi ake binne mutum, in ba haka ba ba zai tarar da kakanninsa ba. Tsaransa duk sun mutu. Kullum yakan je ya shafe katakon da kitse, yana yi masa hira kamar mutum. Abin tausayi.

Bakin mutane kuwa ba ya rufuwa. Aka kai shi fada.

Sarki ya ce, "Tsoho, ka san doka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Makarata ce."

Waziri ya ce, "Mu gwada. Ga 'ya'yan mutanenka sun cika fada. Yi musu kiran tuƙi irin naku. In sun amsa, jirgin yaƙi ne, ka bar ƙasar."

Gunar ya so ya sassauta murya, zuciya ta ƙi. Ya daddage ya rera kiran da a dā yake tayar da mazaje tsaye. Samarin suka dubi juna. Wani ya yi dariya, ya tambayi na kusa ko tsohon ba shi da lafiya.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin da ba mai tuƙa shi ba ya cin gari."

Sarki ya ce, "An bar maka. In ka mutu, a ciki za a sa ka."

Fada ta ɗauki kirarin adalcin sarki. Gunar ya durƙusa ya yi godiya da harshen mutanen ƙasar. Sannan ya fita shi kaɗai, hawaye na bin gemunsa, yana amsa wa kansa kiran.