Jatau Masassaki da Gungumen da Gara Ta Cinye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa don ba zan ɗaga murya ba.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani mutum wai shi Jatau. Shi ke sassaƙa turmi da kujera da 'yan dawakin itace, shi ke haɗa ganga da hannunsa, kuma shi ke kaɗa ta. In ya ɗora gula a kan fata, ko tsohuwa irina sai ta gyaɗa kai.

Wata damina ciyawa ta rufe gonar mahaifiyarsa, Iya Hakama. Tsohuwa ce, ba ta da abin dogaro sai wannan gona. Aka sa ranar gayya, saura kwana uku. Kun san gayya ba ganga, kafin hantsi samari sun watse. Ana cikin haka gangar Jatau ta faɗo daga rataya ta tsage.

Ya sari gungumen alilliba, ya samo fatar akuya, zai fara sabuwa, sai ga Gizo. Shi kuwa Gizo ba komai ya kawo shi ba sai cinyar akuyar da ake ba makaɗi ranar gayya.

Gizo ya ce, "Malam Jatau, ka ji abin da ake faɗa a gari? Wai haɗama ta yi maka yawa, ka tare sana'a uku kai kaɗai."

Jatau ya ce, "Bar su su faɗa."

Da rana Gizo ya dawo. "Har a bakin rijiya zancen ake yi."

Jatau ya ci gaba da sassaƙarsa.

Da la'asar ya sake dawowa. "Yanzu kam har Iya Hakama ake wa gori."

Wannan ta soki Jatau a zuciya. Ya ce, "To yaya zan yi?"

Gizo ya ce, "A raba aikin mana! Gara ta fafe gungume, Kura ta rufa fata, ni in kaɗa. Kai ka huta."

Ku ji wauta! Mutum da wayonsa ya ɗauki fata ya miƙa wa Kura. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Rana ta farko Jatau ya leƙa wurin Gara. Ta ce, "Ana aiki, kada ka dame ni." Rana ta biyu ya je wurin Kura. Ta lashe baki ta ce, "Fata tana jiƙa, kada ka dame ni." Rana ta uku ya je wurin Gizo, ya tarar yana wasa wuƙar yankan nama.

Gari ya waye, samari suka cika gona da fartanyu. Iya Hakama ta dama fura har ƙwarya biyar. Aka ce, "Ina ganga?"

Aka kira Kura. Ta ce, "Wallahi ɗanɗanawa kawai na yi in ji ko ta yi laushi." Ko gashi ba ta rage ba. Aka jawo gungume, Gara ta cinye cikinsa ƙarƙaf, ta bar ɓawo kawai. Gizo ya ɗan doke shi, ya ji ɓuf, ya ce cikinsa na ciwo, ya haye bishiyar kuka.

Samari suka fara saɓa fartanyu a kafaɗa. Iya Hakama ta zauna a kan kunyar gona, hawaye na zuba, ta ce, "Jatau, shi ke nan, bana ba ni da hatsi."

Kunya ta kama Jatau. Ya durƙusa gaban gungumen, ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Hannun da ya saba da itace ya gane inda ke da kauri da inda ya yi siriri. Ya zaro gizago ya tsaga masa dogon baki a tsakiya, ya karyo sanduna biyu. Ya doki gefe mai kauri, ya ce kum! Ya doki siririn, ya ce kan! Sai ya haɗa su ya saki kiɗan noma.

Wanda ke gaba ya tsaya cak. Na bayansa ya sauke fartanya. Kafin ka ce me, an ja layi ana kirari, ƙasa na tashi. Rana ba ta kai tsaka ba sai da aka nome gonar har iyaka. Iya Hakama ta tashi da tsufanta ta rangaɗa guɗa, ta ɗauko cinyar akuya da kanta ta ɗora a hannun ɗanta.

To, kun ji. In Allah ya ba ka baiwa biyu ko uku, riƙe abinka, ɗaya ce ke taimakon 'yar'uwarta. Kuma kada surutun mutane ya sa ka miƙa aikinka ga wanda cikinsa ya kawo shi.

Ƙungurus kan kusu. Mai ganin na ƙara gishiri, ya hau kuka ya tambayi Gizo.