Abin da Ya Sa Tunkiya Ke Bin Akuya Kai a Sunkuye

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Tunkiya ce da maƙwabciyarta Akuya suka sami cikin fari a damina ɗaya. Ita Tunkiya, tun da ta ji abu ya motsa mata, sai ka ce a kanta aka fara ciki a duniya. Ta shimfiɗa tabarma a gindin bango ta miƙe.

Ana nan sai ga Dila da ƙatuwar jaka, wai shi boka ne. Ya dube ta, ya haɗiye yawu. Ya ce mai cikin fari ba ta motsi, in ta taka ƙasa ɗan zai zube. Ta ci dusa, ta kwanta, shi ne magani. Tunkiya ta ji daɗi, da ma abin da take so a faɗa ke nan.

Da safe Akuya ta leƙo. "Ƙawata, taso mu je rafi."

"Je ki ke kaɗai, ni mai lalura ce."

Washegari ta dawo. "Taso mu je tsintar gawo."

"Ki tsinto har da nawa."

Ta sake dawowa. "To, ko ƙofar gida ki taka. Ai ba turmi na ce ki ɗauka ba."

Tunkiya ta taɓe baki. "Ke dai, uwar yawo, a bakin hanya za ki haihu."

Kwanci tashi lokacin goyon ciki ya yi. Kun san mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, iyayensu kuwa suna can hayin fadama. Akuya ta kama hanya ƙwas-ƙwas. Tana isa, kafin ruwan wanka ya tafasa ta sauka, har 'yan biyu.

Tunkiya fa? Ta yi teɓa, ƙafa ta manta aikinta. Ko rabin hanya ba ta ci ba ta zube a gindin tsamiya, naƙuda ta taso. Ta yi yunƙuri, shiru. Ta sake, sai haki. Ta ƙara, ko gezau.

Sai ga Dila, ashe yana biye da ita.

"Kwanta abinki, kada ki motsa. Ni zan karɓi haihuwar."

Ya buɗe jakar bokanci. Tunkiya ta leƙa: ba saiwa, ba ganye, sai gishiri da yaji. Nan ta gane ita da ɗanta aka yi ta kiwatawa. Ta ƙwalla kuka har hayin fadama.

Akuya ta ji, ta bar ruwan zafi ta sheƙo. Ta ɗora wa Dila ƙaho a haƙarƙari, ya arce ya bar jaka.

"Tashi!"

"Ba zan iya ba."

"To kwanta, bari in kira miki bokanki."

Zumbur Tunkiya ta miƙe. Ta jingina da Akuya, suka zaga tsamiya, suka zaga, suka ƙara zagawa. Da kyar da gumin goshi ɗan ya faɗo, da ransa.

Akuya ta dubi hanya, ta dubi ƙawarta. "Af, wa aka ce zai haihu a nan?"

Tunkiya ta sunkuyar da kai, har yau ba ta ɗaga ba. Shi ya sa duk inda akuya ta nufa za ku ga tunkiya a bayanta, kai a ƙasa, ba ta yarda a bar ta a kwance.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku ma ku tashi ku miƙe ƙafa.