Filin Ƙwallon Maharazu da Sallar Baba Abukari

Akwai wani bawan Allah a unguwar Camberwell ta London, Maharazu sunansa. Ma'aikacin jinya ne ko mai haɗa magani, ya shige mini, amma dai a asibiti yake aiki. Tun yana ɗalibi a gida Najeriya ƙungiyar ƙwallon kwalejinsu ta shiga ransa, kuma zuwa London bai raba su ba.

Kewa ta sa ya fara gina filin wasan kwalejin da ƙananan bulon roban nan na wasan yara. Bai bar komai ba, har darbejiyar da suke hawa idan wurin zama ya ƙare. Ginin ya cinye rabin falon flat ɗinsu.

Wata Asabar Baba Abukari ya zo daga unguwar Barking ganin jaririyarsu Zarah. Dattijo ne ɗan Ghana, shi ya ba Maharazu masauki lokacin da ya sauka garin bai san kowa ba.

La'asar ta yi. Aka duba alƙibla, babu inda darduma za ta shiga sai gefen teburin da filin yake kai. Baba ya tayar da sallah.

Gwiwoyinsa sun tsufa. Da zai miƙe daga sujada sai ya dafa bakin teburin. Teburin ya karkace, ɓangare guda na filin ya zube ƙasa.

"Haba Baba! Ba ka gani ne? Ka san shekarun da na yi ina haɗa wannan?"

Matar Maharazu, Karimatu, ta fito daga kicin da sauri. "Abban Zarah, sallah fa yake yi!"

Sai a lokacin Maharazu ya ji muryar kansa. Baba bai waiwayo ba. Ya cika raka'o'insa a natse, bulo warwatse a kan dardumarsa. Da ya sallame, ya rarrafa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa.

"Yi haƙuri, ɗana. Ƙafa ne ya ƙi."

Maharazu ya durƙusa. "Baba, don Allah bari. Ni ne mai laifi."

"Ba komai, na yafe."

Kuma ya yafe ɗin, don bai daina zuwa ba. A zuwansa na gaba Maharazu ya riga ya kwashe filin, ya share falon fes. Lokacin sallah ya yi, ya shimfiɗa wa Baba darduma a tsakiyar ɗaki.

Baba ya yi murmushi, ya naɗe ta, ya fita bakin matattakala inda maƙwabta ke wucewa.

"Nan ya fi, ɗana. Nan babu abin da zan fasa."

Maharazu ya tsaya a ƙofa, ya kasa ɗaga ido.

Darasi: Abin da hannunka ya gina za ka iya sake gina shi, amma sakin jikin da dattijo yake yi a gidanka, tsawa ɗaya ke kore shi. Ku tura wa 'yan uwa, Allah ya ba mu ikon riƙe harshenmu.